Yadda Za Ka Ga Tantanin Fosfolipid Yana Narkewa a Digiri 41

Tantanin da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta ninki biyu ne na fosfolipid, wani nau'in mai da kowace ƙwayarsa ke da kai da wutsiyoyi: kawunan suna fuskantar ruwa, wutsiyoyin mai suna ɓoye a tsakiya. Ɗalibaina na nan Yamai sun haddace wannan zane tsaf, amma gani suke tantanin kullum a hali ɗaya yake. Ga hanyar da nake bi in nuna musu da ido cewa yana daskarewa, yana kuma narkewa.

Ka nemi garin DPPC, wani nau'in fosfolipid. Wutsiyoyinsa biyu ne, kowace da karbon 16, miƙaƙƙu ba lanƙwasa, kuma shi ne ya fi yawa a cikin sinadarin da ke hana ƙananan jakunkunan huhu mannewa. Kada ka ɓata lokaci da lesitin, wato fosfolipid ɗin gwaiduwar ƙwai, ko da ya fi araha: wutsiyoyinsa da yawa lanƙwasassu ne, sai an sauka ƙasa da sifili yake daskarewa. Bambancin man shanu da man gujiya ke nan da safiyar hunturu. Sauran kayan su ne tataccen ruwa, tukunyar ruwan zafi, ma'aunin zafi mai kyau, da sifektirofotomita, na'urar da ke auna hasken da ya ratsa ruwa.

Ka zuba kamar rabin miligiram na garin a kowane mililita na ruwa, ka ɗumama zuwa digiri 50 ko 55, kana girgizawa da ƙarfi lokaci-lokaci har minti talatin. Idan ka jiƙa shi da ruwan da bai kai digiri 41 ba, garin zai yi gudaji ne kawai ya kwanta. Da zafi kuwa, da kansa zai naɗe ya zama ƙananan ƙwallaye masu ninki bisa ninki, waɗanda ake kira lifosom. Alec Bangham ne ya fara bayyana su a Ingila a shekarun 1960. Ruwan zai yi fari-fari.

Nan ne zafin garinmu yake shiga lissafi. Littattafan Turai idan suka ce a bari ya huce a ɗaki, digiri 20 zuwa 25 suke nufi. A Yamai cikin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce 40, ɗakin da babu sanyaya kuwa yana iya kaiwa 35, wato daidai inda tantanin yake fara sauyawa. Don haka ka sa bututun cikin ruwa mai ɗan ƙanƙara har ya sauka zuwa 25, ya zauna a nan awa guda. Ni da sassafe nake wannan aiki, kuma nakan cika falas da ruwan zafi saboda ɗaukewar wuta.

Daga nan ka saita na'urar a hasken da tsawon zangonsa nanomita 450 ne, ka riƙa ƙara zafi a hankali, kada ya wuce digiri ɗaya cikin minti biyu. Ma'aunin zafin ya kasance cikin ruwan gwajin kansa, domin na tukunya kullum yana gaba. Ka rubuta adadin gurɓacewar ruwan da na'urar ta nuna a kowane digiri, daga 39 zuwa 43 kuma a kowane rabin digiri. Kafin kowane karatu ka ɗan juya bututun, don lifosom suna kwantawa.

Wajen digiri 35 gurɓacewar ruwan za ta ɗan ragu. Fuskar tantanin ce ta yi ƙunya-ƙunya, wutsiyoyin dai suna nan a sandare. Mai gaggawa ba ya ganin wannan. A 41 kuwa adadin faɗuwa yake yi gaba ɗaya cikin ƙasa da digiri guda: wutsiyoyin sun saki jiki sun lanƙwashe, filin da kowane fosfolipid yake ci ya tashi daga kamar nanomita murabba'i 0.48 zuwa 0.63, tantanin ya rage kauri, don haka ba ya watsa haske kamar da. A daidai wannan gaɓa, inda daskararre da narkakke suke zaune gefe da gefe, tantanin ya fi yoyo. Masu haɗa maganin ciwon daji sun yi amfani da wannan, suka ƙera lifosom da ke sakin magani idan an ɗumama wurin ciwon zuwa 41 ko 42.

In akwai sauran gari, ka maimaita da kolesterol, ƙwaya ɗaya a kan kowane DPPC biyu. Wannan karon dole ka narkar da su tare cikin kulorofom, sinadarin da ke narkar da mai, a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska, ka busar har ya bar ɗan shafi a jikin gilashi, sannan ka jiƙa da ruwan zafi. Faɗuwar nan ta 41 za ta baje har ka rasa inda take, domin kolesterol yana kutsawa tsakanin wutsiyoyin ya hana su jeruwa sosai, ya kuma hana su sakin jiki sosai. Wanda ya samu DMPC, wani fosfolipid mai karbon 14, zai ga narkewarsa a digiri 24, amma sai ya fara daga 10, wato ya tanadi ƙanƙara mai yawa.