Yadda Ake Noman Bishiyar Turare Don Samun Katakon Gini

Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, daga Ostireliya ta samo asali, kuma nau'inta ya haura 700. Saurin girmanta ne ya sa ake shuka ta gandu-gandu. Sai dai wanda katakon rufi ko ginshiƙi yake so, ba itacen girki ba, dole ya bi ta a sannu.

Fara da zaɓen fili. Ka nisanta ta da rijiya da gonar abinci, domin saiwarta na zuƙe ruwa, amfanin da ke kusa da ita kuma ba ya sakewa. Inda ruwan sama ke ƙaranci, nau'in camaldulensis ya fi jure fari, grandis kuwa sai wuri mai damina sosai.

Da ruwa ya zauna sai a yi dashe, da tsiron da ya yi wata 3 zuwa 4 a leda. Ka ba da tazarar mita 3 ta kowane ɓangare, wato kusan bishiya 1,100 a hekta ɗaya. Cunkoson nan da gangan ake yin sa: kowace tana neman rana, sai ta miƙe sambal ba tare da yawan rassa ba. A shekara biyun farko ka dage da cire ciyawa, ka sa ido kan gara, ka share kewayen gandun saboda gobarar rani.

Idan rassa suka fara haɗuwa, sai a rage. Sare karkatattu da raunana, ka bar miƙaƙƙu su yi kauri, ka datse musu rassan ƙasa don kada katakon ya cika ƙulli. Abin da aka rage shi ke riƙe iyali kafin babban girbi: sanduna, turaku, itacen girki. Mai amya ma zai samu zuma daga furenta. Sanduna kan samu cikin shekara 5 zuwa 8, amma gungumen da za a tsaga katako yakan kai shekara 15 ko fiye.

A wajen sara da busarwa ne yawancin mutane ke tafka asara. Itacen turare yana da wani ɗauri a cikinsa, da an kayar da shi sai bakin gungumen ya fara tsagewa, katakon kuma ya lanƙwashe. Saboda haka ka shafe bakin biyu da fenti mai kauri ko kakin zuma nan take, kada ka bar gungumen a rana, a tsaga shi da wuri. Jera katakon a inuwa, kada ya taɓa ƙasa, a sa siraran sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, sannan a danne saman da abu mai nauyi. Watanni yake ɗauka. Wanda ya yi gaggawar ɗora ɗanye a kan gini, zai ga rufinsa ya murɗe.

Farin gefen itacen ne gara da ƙwari ke ci, don haka a sa masa magani. Busasshen kuwa tauri gare shi, gwamma kafinta ya huda kafin ya buga ƙusa.

Wajen sara, ka bar kututture kamar santimita 10 zuwa 15. Zai yi toho da yawa. Bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ka cire sauran.