Yadda na lallaɓa agarata a bakin dakali

Wata huɗu na yi ina ɗingishi da safe. Agarar ƙafata ta hagu ce, kamar yatsu uku sama da diddige. Na daina ƙwallon Asabar, na shafa man zafi har matata ta fara buɗe taga, amma da na koma fili sai ciwon ya dawo sabo.

Kuskurena hutun ne. Agara igiya ce ta zaren kolajin, wani furotin mai ƙarfi na jiki, kuma a tsakanin zaren akwai ƙwayoyin halitta 'yan sirara masu aikin saƙa da gyara. Ja suke ji, da shi suke sanin ana bukatarsu. In ka kwantar da ƙafa gaba ɗaya, sai su rage saƙa, su fara sakin sinadarin da ke warware zaren, wasu ma su mutu. In kuma ka fizge su da gudu kullum ba sarari, nan ma mutuwa suke yi. Jini kaɗan ne ke isa wurin, shi ya sa komai nata a hankali yake.

Tsarin da na bi na wani likitan ƙashi ne ɗan Suwidin, Håkan Alfredson, wanda ya fitar a 1998. Ka tsaya a bakin dakali, yatsu a kan dakalin, diddige a iska, hannu a bango. Ka ɗaga jiki da lafiyayyar ƙafa, ka mayar da nauyi kan mai ciwon, sannan ka sauke diddige sannu a hankali har ya wuce bakin dakalin. Saukowar ita ce maganin, kada ka yi mata gaggawa. Sau 15, zagaye uku da gwiwa a miƙe, uku a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, mako 12. Ni bayan Asuba da bayan Isha na ɗaure shi, don kada in manta.

Za ta yi zafi. Zafin da za ka iya hira a kansa ba komai. Wanda ya kwana ya ƙaru da safe, rage yawan. Da ya yi sauƙi na goya jakar makarantar ɗana cike da littattafai.

In ciwon daidai kan ƙashin diddige yake, yi a ƙasa, ban da dakali. In kuwa ka ji "ɗas" kamar an jefe ka da dutse, ka kasa ɗage diddige, wannan tsinkewa ce, asibiti za ka nufa a ranar. Mai shan ciprofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma ya fara gaya wa likita, don maganin yana raunana agara.