Gero yana nan, sunansa kawai ya canza

Ƙanina, tun kafin ka ɗaure jaka: kilishin nan da Hajiya ta sa aka yi maka, ku cinye shi a gida. Dokar Birtaniya ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga Najeriya ko Nijar ba, ko da busasshe ne. Dambun nama da man shanu duk haka suke. In aka gani a filin jirgi za a karɓe, kana ji kana gani. Gurbinsu ka cika shi da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da 'yar kanwa. Daddawar ka ƙulle ta a leda uku ka sa a roba mai murfi, in ba haka ba rigunanka za su yi wata guda suna tona maka asiri a aji.

Makon farko kowa da ciwonsa ɗaya, lissafin naira. Ka ɗauki burodi, ka buga a waya, ka ajiye. Wannan zai wuce. Wanda ya fi shi cin aljihu shi ne na mako na uku, lokacin da ka gaji ka koma sayen soyayyar kaza da dankali kullum da dare. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako idan ana karatu, kuɗin ba su kai a riƙa ba mai shagon kaza ba. Dole ka kunna wuta, ko da a gida ba ka taɓa dafa ruwan zafi ba.

Shinkafa, mai, ƙwai, albasa, taliya da tumatirin gwangwani, je ka manyan kantuna irin su Aldi ko Lidl. A kantunan Tesco da Sainsbury's za ka ga kaya ɗaya da farashi biyu, na mai katin kantin da na wanda ba shi da shi. Katin kyauta ne, ka yi shi ranar farko. Ƙananan rassansu na bakin layi sun fi manyan tsada. Ka tafi da jakarka, don tun 2021 leda a Ingila ba ta kasa kwabonsu 10, kuma ka riƙe fam ɗaya na ƙarfe saboda sai ka saka shi kafin ka iya zaro keken tura kaya. Babu tayi, babu "albarka", babu gyara. Ragin da za ka samu shi ne na yamma, lokacin da ake manna takarda mai ruwan ɗorawa a kan abin da kwanansa ya kusa ƙarewa. Ba abin kunya ba ne, masu kwat ma suna tsaye suna jira. Ranar Lahadi kuwa, dokar 1994 ta ba manyan kantunan Ingila da Wales awa 6 kacal, don haka da La'asar za ka tarar sun rufe.

To amma abincinmu ba a can yake ba. Na yi wata huɗu ina kewar kunu kafin na gane cewa kullum ina wuce gero a shagon wani dattijo ɗan Pakistan, an rubuta bajra a jikin ledar. Dawa ita ce jowar. Tsamiya imli, kuɓewa ɗanya bhindi. Zoɓo a shagon mutanen Jamaika sorrel suke ce masa, attaruhu kuma scotch bonnet, kuma ka yi hattara, biyu sun ishi tukunya. Irin waɗannan shaguna suna jere a Wilmslow Road ta Manchester, Alum Rock ta Birmingham da Green Street a gabashin Landan. Manja, garin rogo da doya sai shagon 'yan Afirka, irin na unguwar Peckham a Landan, sai dai doyar sayen marmari ce.

Sauran kuma dabara ce. Shinkafar da suke kira pudding rice tana tuƙuwa tuwo lafiya lau. Alayyafon firiza da man gyaɗar shafa burodi, wanda ba a sa wa sukari ba, da kabewarsu mai dogon wuya, ka gama miyar taushe. Yogot marar zaƙi ka tsinka shi da ruwa, ya tsaya maka a matsayin nono. Ba zan ce ya kai na ƙwarya ba, amma ya fi babu.

Nama ka je wurin mahaucin halal. Kazar kanti minti 20 ta narke a miya, don haka ka ce masa boiler kake so, ita ce tsohuwar kaza mai jure wuta. A nan za ka samu akuya, kayan ciki da ƙafar sa, ya kuma sare maka yadda ka ce. Inda ake yawan faɗawa ba a sani ba shi ne alewa, kek da wasu yogot, saboda gelatine, wani sinadarin sa kauri da galibi daga alade ake samo shi. Juya leda ka karanta. In an rubuta ya dace da marasa cin nama, ka huta da wannan, sai ka duba ko an ambaci giya. Kwanan wata ma iri biyu ne: use by ba a ƙetare shi, best before kuwa abin na nan da kyau bayan ranar, ɗanɗano ne kawai ke raguwa.

Kicin na haɗaka ne, kuma maƙwabcinka zai soya naman alade da safe ba da niyyar ɓata maka ba. Ka sayi tukunyarka, kaskonka da soson wanke-wankenka, ka ajiye a lokarka. Ka yi miya babba ranar Asabar, ka raba a robobi ka jefa firiza. In za ka soya attaruhu ka buɗe taga, ka rufe ƙofar kicin. Ni ban yi ba. Ƙarfe 11 na dare a watan Janairu na'urar hayaƙi ta ɗauki kuka, duk mutanen benen suka fito tsakar sanyi da kayan barci, ni kuma ina tsaye cikinsu da ludayi a hannu.