Takalmin Hawan Dutse: Inda Ake Tafka Kuskure Tsakanin Gyara da Sayen Sabo

Duk wanda ya ɗan jima yana wasan hawan dutse, ko a kan dutsen gaske ko a bangon atisaye irin wanda aka gani a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ya san takalmin nan ba mai tsawon kwana ba ne. Ba kuma ha'incin masu ƙera shi ba ne. Da gangan aka yi robar ƙasansa da laushi don ta manne wa dutse, kuma wannan mannewar ita ce ke cinye ta. Tun farkon shekarun 1980, da kamfanin Boreal na ƙasar Sifen ya fito da takalmin Firé mai roba mai danƙo, masu hawa suka yarda da cinikin a haka. Kaurin robar yawanci bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Ke nan cinyewa dole ce, abin da ya rage shi ne ka san ranar da za ka kai shi gyara.

Babban kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne jira sai rami ya bayyana. Da yake mun saba da takalmin yawo, wanda ba a kai shi wurin mai gyara sai ya buɗe baki, sai mu ɗauka wannan ma haka yake. To, ba haka ba ne. Roba biyu ce a gaban takalmin hawa. Akwai ta tafi, mai kauri, wadda ake takawa. Akwai kuma wata siririya da ta yi wa hancin takalmin ɗamara ta zagaye gefensa, wadda masu sana'ar ke kira rand. Ta tafin an yi ta ne don ta cinye a sauya. Ɗamarar kuwa ita ke riƙe da surar takalmin, ba a yi ta don taka dutse ba. Da zarar tafi ya ƙare a daidai babban yatsa, ɗamarar ce ke karɓar aikin, kuma ba ta da ƙarfin da za ta jure. Kafin ka ankara ta huje, fatar ciki ta leƙo.

Saboda haka ka riƙa juya takalmin kana duba layin da tafi da ɗamara suka haɗu. A sabon takalmi layin a miƙe yake, bakin tafin kuma da kaifi. In ka ga kaifin ya dakushe, layin ya fara lotsawa a ƙarƙashin babban yatsa, lokaci ya yi, ko da takalmin yana da kyan gani. Danna wurin da yatsanka. In ka ji ɗamarar da ƙwari, sauya rabin tafin gaba kawai za a yi, aiki mai sauƙi da araha, kuma takalmin zai dawo kusan yadda ka san shi. In ka ji ta yi laushi ko ta fara tsagewa, sai an ƙara faci a hanci, da ƙarin kuɗi, kuma sau da yawa ƙafa takan ji bambanci bayan gyaran. In kuwa yatsanka ya riga ya fito waje, masu gyara da yawa ba za su ma karɓa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu kuma nasu kuskuren akasin wannan ne: suna ganin roba ta cinye sai su jefar da takalmin su sayi sabo. Asara ce biyu. Sauya tafin takalmi mai tsada na kamfanin La Sportiva ko Scarpa yawanci bai kai rabin kuɗin sabo ba. Sannan takalmin hawa da matsi ake sa shi, kuma duk wanda ya sha azabar makonnin farko kafin fata ta saki ta ɗauki surar ƙafarsa ya san wannan sabawar ba a sayenta a kanti. Takalmin da aka kula da shi yakan ɗauki gyara biyu ko uku, wani ma fiye.

Amma fa ba kowane takalmi ya cancanci gyara ba. In na masu koyo ne mai araha, lissafa kuɗin gyara da na aikawa da dawowa, za ka iya tarar sun kusa kuɗin sabo. In fatar sama ta yage, ko dunduniya ta saki tana zamewa, ko takalmin da aka ƙera da lanƙwasa ya miƙe ya zama faifai, sabon tafi ba zai dawo da shi ba. Wari ma haka, mai gyara ba ya cire shi. Wanda kuma tun farko bai yi maka daidai ba, kada ka ƙara masa ko sisi.

Sai batun wanda za a ba aikin. Ba raina sana'ar dukawa nake yi ba, amma mai gyaran takalmin bakin kasuwa ba shi da kayan wannan aiki. Ana buƙatar ƙirar ƙafa da za a cusa a ciki don kada surar ta ɓaci yayin matsewa, ana kuma buƙatar robar hawa ta ainihi. Ko a cikinta akwai zaɓi: XS Edge ta kamfanin Vibram ta fi tauri, ta dace da tsayuwa a kan ƙananan gefuna, XS Grip 2 kuma ta fi laushi da danƙo. Faɗa wa mai gyaran irin hawan da kake yi. In takalminka irin Futura ko Genius na kamfanin La Sportiva ne, waɗanda aka yi su ba kaifin baki, tambaye shi tukuna ko yana da tafinsu, don ba kowa ke ajiye shi ba. Kuma ka aika ƙafa biyun tare, ko da ɗaya ce ta fi cinyewa.

Cika rami da gam a gida dabara ce ta kwana biyu. Ƙaramin ɓamɓarewa a gefe za ka iya manne shi, amma tula gam a hanci yana ƙara wa mai gyara wahala ne kawai.

Akwai kuma laifin da ba na takalmi ba ne. In kullum a saman hanci yake hujewa alhali tafin na da sauran nama, ƙafarka kake ja a jikin bango kana laluben wurin takawa. Duba wurin, ka ɗora yatsa sau ɗaya. Kada ka yi ta zirga-zirga da shi a ƙasa tsakanin hawa da hawa, ka goge ƙura kafin ka fara. Kada kuma ka bar shi a cikin mota a rufe da rana. Da zafi masu gyara ke sassauta gam su ɓare tsohon tafi, motar da ta wuni a rana kuwa za ta yi maka wannan aikin ba ka sa ta ba.