Yadda Za Ka Saurari Jikinka Bayan Bugun Zuciya

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kawuna ya koma a makonnin farko bayan an sallamo shi daga asibiti a nan Yamai, inda ya yi jinyar bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini: yau tsira a ƙarƙashin nono na hagu, gobe yatsu sun yi sanyi, jibi zuciya ta yi kamar ta tsallake bugu ɗaya. Ya kan tashe mu da tsakar dare kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ran da ƙafafunsa suka kumbura sai ya yi shiru, wai zama ne ya yi yawa. Abin da ke ƙasa shi ne tsarin da muka koma bi, kuma ba ya maye gurbin likitanka.

Mataki na farko, ka haddace alamomin da ba a yi musu shawara. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora maka buhun gero, musamman in ya miƙe zuwa hannu, muƙamuƙi ko baya. Gumi mai sanyi, tashin zuciya, numfashi ya yanke alhali kana zaune, suma, karkacewar baki ko mutuwar gefe ɗaya na jiki. In likita ya ba ka maganin da ake sawa ko fesawa a ƙarƙashin harshe, ka zauna ka yi amfani da shi sau ɗaya. Minti 5 suka wuce ciwon bai sauka ba, a kira SAMU, masu motar ɗaukar marasa lafiya ta gaggawa, a lamba 15, ko a sa ka a mota a nufi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa. Kada ka tuƙa da kanka, kada ka hau kabu-kabu, kada a ce a bari gari ya waye. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga su ƙara lura, don nasu kan zo babu ciwon ƙirji sosai, sai gajiya mai tsanani ko zafi a saman ciki da ake ɗauka olsa ce.

Na biyu, in abin da ka ji ba ya cikin waɗannan, ka zauna ka yi masa tambayoyi. A ina yake, kana iya nuna shi da yatsa ɗaya ko sai da tafin hannu? Daƙiƙa nawa ko minti nawa ya yi? Me kake yi da ya zo? Tsirar da ta zo kamar allura ta wuce nan take, ko wadda ke ƙaruwa in ka danna wurin, galibi ta tsoka ce ko haƙarƙari. Wadda ke zuwa in ka hau bene ko ka yi sauri zuwa masallaci, ta lafa in ka tsaya, wannan zuciya ce ke cewa jini bai ishe ta ba, kuma likita ya kamata ya ji a ranar. Akwai wata kuma da kan bayyana makonni bayan bugun: ciwo mai kaifi da ke tsananta in ka kwanta ko ka ja numfashi, ya yi sauƙi in ka zauna ka sunkuya gaba, wani lokaci da zazzaɓi. Kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya ne, yana da magani, amma sai an duba. Naman zuciyar da ya ji rauni yana ɗaukar kamar mako 6 zuwa 8 kafin ya yi tabo, don haka jin baƙon abu a wannan tsakani ba abin mamaki ba ne.

Na uku, ɗauko ordonansinka. A ganina nan ne amsar yawancin abubuwan da ake cewa ba su da dalili take ɓoye. Bisoprolol da atenolol suna rage gudun zuciya, suna kawo kasala da sanyin hannu da ƙafa. Captopril, enalapril da ramipril kan jawo busasshen tari mai naci da jiri in ka miƙe da sauri. Atorvastatin kan sa ciwon tsokar cinya ko kafaɗa. Aspirin da clopidogrel suna hana jini daskarewa, shi ya sa fata ke yin tabo ba tare da ka tuna bigewa ba. Amma baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini na gaggawa ne. Duk abin da ka gano, kada ka bar magani da kanka, balle in an sa maka ɗan ƙarfen nan da ke buɗe jijiya, don barin maganin hana daskarewar jini na iya sa ya toshe. Kuma ka nisanci ibuprofen da diclofenac na masu talla a tire. Maganin ƙarfin maza shi ma, in ya haɗu da na ƙarƙashin harshe, yana iya kayar da tansiyo ƙasa warwas. Ana jin kunyar wannan tambaya, amma a yi ta.

Na huɗu, sayi ɗan littafi. Kowace safiya ka rubuta nauyinka, tansiyo in kana da na'ura, da bugun jijiyar wuyan hannu cikin minti ɗaya. Tsakanin 60 da 100 shi ne na kowa, mai shan bisoprolol kuwa nasa kan sauka ƙasa kaɗan. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, takalmi ya matse, ko ka ga sai ka ƙara matashin kai kafin ka iya barci, ruwa ne ke taruwa. Wannan ce kawuna ya raina, kuma ita ce ta mayar da shi gadon asibiti.

Sai ka duba abin da ke kewaye da kai. A zafin Afrilu da Mayu, da Yamai ke haura digiri 40, mai shan maganin fitsari irin furosemide kan bushe, ya ji jiri da murɗawar tsoka. Ka tambayi likita yawan ruwan da ya dace da kai, don ba kowa ake sake wa ba. Shayin fada mai kauri, goro da kofi suna sa zuciya dakan uku-uku. Taba dai an rabu. Batun azumi kuma a yi shi da likita tun kafin wata ya kama.

Tsoro ma yana da nasa alamomin a jiki: numfashi sama-sama, tsikar jiki, ƙaiƙayin yatsu, rashin barci. Yana da yawa bayan bugun zuciya, kuma ba raunin imani ba ne. Sai dai ba kai za ka yanke cewa tsoro ne kawai ba.

Ranar randebu ka tafi da littafin da duk kwalayen maganinka, har da na gargajiya in kana sha. In likita ya ce, "Alhaji, me ke damunka?" kada ka ce jiki ne dai babu daɗi. Ka buɗe shafin ka karanta masa, har da abin da ka riga ka sanar da shi a ranar da ya faru: ranar Talata bayan la'asar, ina dawowa daga masallaci, matsi a ƙirji na minti 3, na tsaya ya wuce.