Kurakuran da ake tafkawa wajen haɗe shafukan kamfani wuri ɗaya

Kamfanoni da yawa a Kumasi haka suka taso: reshen Aboabo da shafinsa na intanet, na Kejetia da nasa, masu kula da talla su ma da nasu. Ranar da maigida ya ce a haɗe su, ya yi daidai. Wajen aikin ne ake kwafsawa.

Mafi muni shi ne kashe tsofaffin adireshi. Rubutun da kuka yi shekara uku da suka wuce yana nan yana yawo a rukunonin WhatsApp na Zongo. Hajiya ta danna don ta ga farashin atamfa, sai 404, wato saƙon da ke cewa babu shafin, ya fito mata, ta koma wajen maƙwabcinku. Maganinsa turawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai karatu daga tsohon adireshi zuwa sabo, wadda kuma ke shaida wa Google cewa ƙaura ce ta dindindin. Turawa ta 302 kuwa ta wucin gadi ce, kada ku yi amfani da ita. Kuma kowane tsohon rubutu a tura shi ga takwaransa a sabon wuri. Masu son sauƙi kan kwashe komai su tura shafin farko, Google kuwa yakan ɗauki hakan tamkar shafin ya ɓace. Shi kansa Google ya ce a bar turawar aƙalla shekara ɗaya. Ni dai na ce a ci gaba da biyan kuɗin tsohon sunan shafin na intanet ko bayan haka, kuɗin ba shi da yawa. In wa'adinsa ya ƙare, wani na iya saye ya cika shi da tallan caca da sunanku.

Sai hotuna. Fayil ɗin da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ke fitarwa rubutu yake ɗauka da adireshin hoto, ba hoton kansa ba. In aka rufe tsohuwar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da tsohon shafin, kafin sabon shafi ya janyo su, sai akwatuna wayam.

Akwai wanda mu masu rubutu da Hausa ya fi cizo: haruffa masu lanƙwasa. In ma'ajiyar bayanai ba a kan UTF-8 take ba, wato tsarin ajiye haruffa da ya san irin namu, "ƙasa" sai ta koma "Æ™asa". Ku gwada da rubutu goma kafin ku kwashe dubu.

Sai rubutun da aka maimaita: sanarwar Sallah da ta fito a shafukan nan uku, a bar ɗaya.

Lambobin waya da imel na masu karatu kuma ba a zuba su tukunya ɗaya kai tsaye. Wanda ya ba reshe ɗaya lambarsa bai ce duk kamfanin ya riƙa aiko masa saƙo ba, kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 tana kan wannan. A aika musu a tambaya tukuna.