Darasi na Bakwai: Ina Takin Bara Ya Shiga?

Manomi ya zuba takin sufa bara, ya girbe amfaninsa. Bana sai tambaya ta taso: akwai sauran ƙarfin takin a gonar, ko ruwa ya tafi da shi?

Sinadarin da ke cikin sufa sunansa fosfaras. Shi ne kuma lambar tsakiya a jikin buhun kamfa, kamar 15-15-15. Yana ƙarfafa saiwa, yana sa tsaba ta cika. Halinsa daban yake da na yuriya. Ita yuriya ruwa take bi, shi kuwa inda aka sa shi nan yake zama. A daminar farko, abin da shuka ke sha yawanci bai wuce kashi 10 zuwa 25 cikin 100 ba. Ragowar tana nan cikin ƙasa. Samunta ne ya danganta da irin ƙasar.

Ɗebo jar ƙasa mai yumɓu, ka jiƙa ta, ka murza. Za ta manne maka, ta bar ja a yatsa. Jan nan tsatsar ƙarfe ce. Tsatsar da sinadarin alminiyam su ke damƙe fosfaras, musamman idan ƙasar tana da tsami, wato awon tsamin ƙasa da ake kira pH ya gaza 5.5. Kuma yadda watanni ke wucewa, haka riƙon ke ƙara tsanani. Abin tausayi ne ka ga taki na kwance a gona, masara kuwa ta tsumbure, ganyenta ya koma shunayya don yunwa.

Ƙasar jigawa mai yashi ba ta da wannan riƙo sosai. Abin da ya rage shuka na samunsa cikin sauƙi, sai dai ajiyarta kaɗan ce. Ƙasar da farar ƙasa ta yi mata yawa ita ma tana ɗaure fosfaras. Inda ya fi sakuwa shi ne pH 6 zuwa 7.

A jar ƙasa kada a watsa sufa ko'ina. A binne shi kusa da shuka, inda saiwa za ta tarar da shi. A haɗa da takin dabbobi, domin idan ya ruɓe yana rage riƙon tsatsar. In tsami ya yi yawa, farar ƙasa na gyara shi, amma a fara kai ƙasar gwaji. A kuma tare zaizaya, don fosfaras a ƙasar sama yake zaune, tare suke tafiya.

Aiki: Ɗebo ƙasa daga wuri uku a gonarka. Rubuta launin kowace, da ko tana mannewa a hannu. Ka zo da su aji.